Kududdufin Kuza

Shekara tara ina tsallake kalma ɗaya a addu'a.
Jama'a su miƙe, in miƙe,
in roƙi abincin yini da babbar murya,
amma da an iso "kamar" sai tari ya sarƙe ni.
Matar da ke zama kusa da ni a coci
har ta riƙa kawo mini citta.

Dachung ne ya sayar da filin babanmu na Rantya.
Ƙanena, wanda na goya.
Ya sa hannu a madadina, ya kwaikwayi har karkatar rubutuna,
ya sayi mota, motar ta mutu a hanyar Bukuru kafin damina.
Yanzu in na wuce, katanga nake gani da waya mai ƙaya
a inda bishiyar fiyarmu take.

Na riƙe shi. Na iya riƙo.
Shekara ashirin ina ƙirga buhunan dankali a Farin Gada,
ba wanda ya taɓa cin ko tiya guda a kaina.

Ranar da aka kwantar da Ngo a asibiti
aka aiko: zo, tana kiranku ku biyu.
Na ce, yana nan?
Aka ce yana nan.
Na ce, in ya tafi a kira ni.
Na zauna ina tsince ruɓaɓɓe daga mai kyau
har ƙanƙara ta fara dukan rumfa.
Shi bai tafi ba.
Ita ce ta tafi.

Tun ranar bashi ya zama biyu,
na biyun kuwa ni ce mai bi, ni ce mai biya.
Ranar Jibin Ubangiji faranti ya zo gabana,
in miƙa wa na gaba.
Yesu, na san ka biya, an koya mini tun ina sa takalmin roba,
amma na saba da kasuwa:
abin da aka ba ni kyauta sai na juya shi ina neman tsutsa.

Wata Asabar na bi mai kawo mini kaya zuwa gonarsa.
Ashe a bakin tsohon ramin kuza take.
An haƙa ƙasar nan, an kwashe abin da ke cikinta,
ba wanda ya dawo ya ce a yi haƙuri.
Ramin bai cike ba. Ruwa ne ya taru,
ga kabeji, ga karas, ga yaro yana jan tiyo.
Na daɗe a tsaye.

Na dafa gwate na kai Dilimi, inda yake facin taya.
Furfura ta riga ni zuwa wurinsa.
Ban yi wa'azi ba. Na ce, ci, kada ya huce.
Ya ci loma uku, ya ajiye cokali,
ya ce, Kaneng, ta bar miki saƙo,
ba ki taɓa tsayawa na faɗa ba.
Ta ji ƙarar kwano, ta ce:
ku gaya mata kada ta fito cikin ƙanƙarar nan.

Muka yi kuka a kan tsohuwar taya,
masu babur suna ta kallo.

Kada in yi ƙarya, washegari na tashi da fushin a ƙirji,
ya sake tsirowa kamar ƙaiƙayi bayan noma.
Na cire. Jibi ma na cire.
Wata rana nasa ne, wata rana nawa,
nawan ya fi saiwa.
Fili bai dawo ba, katanga tana nan.

Lahadin da ta wuce na karɓi gurasar.
Da aka iso kalmar, tarin ya taso,
na haɗiye shi, na faɗe ta a hankali, baya da kowa.
Matar ta riga ta buɗe jaka.
Na karɓi cittar duk da haka.